Manyan Ma'aikata da Neman Karatun Diflomasiyya a Waje: Wa Zai Zauna Mana a Teburin Shawara?

Duk ɗan kasuwar da ke neman abincinsa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Gaya da Kamba, ba sai an ba shi labarin rufe iyaka ba. A watan Agusta na shekarar 2019 Tarayyar Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta soma buɗe su ba sai a watan Disamba na 2020, wato wata 16 ke nan kaya na ruɓewa a bisa motoci. Wannan kuwa ya faru ne 'yan makonni bayan babban taron Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai cikin watan Yuli na 2019, inda aka ƙaddamar da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, kuma a nan ne Najeriya ta sa mata hannu.

Ba a gama farfaɗowa daga wancan ba sai ga takunkumin ƙungiyar CEDEAO na ranar 30 ga watan Yuli na 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki a Yamai. Aka datse iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, iyakar Nijar da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar har ƙarshen 2025, lamarin da ya sa kayan da a da ke bin hanyar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso tare da rakiyar soja. A ranar 29 ga watan Janairu na 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, sannan a watan Maris ƙawancen AES ya sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai da aka yanke a kasuwa. A ɗaki aka yanke su, a bisa takarda, kuma a ɗaki ake warware su. Shi ya sa muke ganin maganar wanda ke zaune a wannan ɗaki, da abin da ya sani, da inda ya yi karatunsa, magana ce da ta shafi aljihun mai sayar da albasa da mai safarar wake kai tsaye.

Su wa ke neman wannan karatu?

Mu da ke aiki a gidajen rediyon karkara na bakin iyaka mun san irin mutanen da wannan buri ya kama tun bayan rikicin 2023. Ba samari ba ne da suka fito jami'a jiya. Magidanta ne da matan aure masu shekara 35 zuwa 45: ma'aikacin duwan da ya shekara goma a bakin shinge, malamin makaranta mai digirin shari'a, ɗan jarida, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji, akawun kamfanin fidda kaya daga tashar jirgin ruwa. Kowannensu yana da digirin farko da ya daɗe a akwati, yana da iyali, yana kuma son ya tafi waje shekara ɗaya ko biyu ya yi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa.

Akwai dalili na biyu da ya sa muka kawo wannan magana shafin 'yan kasuwa. Idan ma'aikaci ya tashi tafiya, albashinsa ba ya isa kuɗin jirgi ma, balle na makaranta. Wajen wa zai je? Wajen yayansa Alhaji mai shago a Maraɗi, ko kawunsa dillalin shanu a Maigatari. A taƙaice, ku ne masu zuba jarin. Wanda zai zuba jari kuwa ya kamata ya san kasuwar kafin ya kwance lalitarsa.

Shi wannan karatu ba koyon sa kwat da shan shayi a ofishin jakadanci ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Ana koyon dokokin ƙasa da ƙasa, da ƙa'idojin ciniki da na harajin duwan, da yadda ake tsara yarjejeniya, da dabarun sasanta rikici, da tarihin ƙungiyoyi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen Gaya sun ga amfaninsa da idonsu. Rikicin tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin ya kusa haddasa yaƙi a 1963, ya kuma yi ta ja har shekara arba'in. A ranar 12 ga watan Yuli na 2005 Kotun Duniya da ke ƙasar Holan ta yanke hukunci cewa Lete na Nijar ne. Cikin tsibirai 25 Nijar ta samu 16, Benin ta samu 9. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Mutane ne suka zauna suka tono takardun zamanin Turawan mulkin mallaka, suka iya karanta su, suka iya kafa hujja da su a gaban alƙalai.

Gemu kuma ba ya hana neman ilimi. Kofi Annan na Gana ya shekara kusan goma yana aiki a hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya kafin ya koma aji a jami'ar MIT ta Amurka a 1971, yana da shekara 33, a wani shiri na manyan ma'aikata. Daga baya ya shugabanci Majalisar daga 1997 zuwa 2006. Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya tana da 'ya'ya huɗu ta kammala digiri na biyu a Harvard a 1971. Mu nan gida ma, marigayi Ide Oumarou da aikin jarida ya fara, ya zama ministan harkokin waje daga 1983 zuwa 1985, sannan babban sakataren ƙungiyar haɗin kan Afirka OUA daga 1985 zuwa 1989. Ke nan hanyar ba sabuwa ba ce. Abin da ya canza shi ne ƙofofin da ake bi.

Ƙofofin da suka ƙuntata

Shekara da shekaru, idan ɗan Nijar ya ce zai ƙaro karatu a waje, Faransa ake nufi. Harshe ɗaya ne, tsarin makaranta ɗaya ne, kuɗin jami'a kuma kaɗan ne. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba zuwa yuro 3,770 a shekara ga mai digiri na biyu, ko da yake wasu jami'o'in kan yafe wani sashe. Tunda yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wannan ya kama kusan sefa miliyan 2 da rabi. Ban da shi, a wancan lokaci ana neman ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 na ci da sha a kowane wata, wato kusan sefa miliyan 5 a shekara. Daga watan Agusta na 2023 kuma Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, jakadanta ya bar ƙasar a watan Satumba, sojojinta na ƙarshe suka fita a watan Disamba, aka sanar da rufe ofishin jakadancin a farkon watan Janairu na 2024. Ɗalibai da dama da suka riga suka samu gurbi a wancan zango sun rasa tafiya.

A ɓangaren Amurka, inda manyan makarantun wannan fanni suke, a watan Mayu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da ba ɗalibai ranar ganawar biza na 'yan makonni, da aka dawo kuma sai aka ƙara binciken abin da mai nema ke rubutawa a intanet. A watan Yuni na wannan shekara aka sa Cadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana wa shiga. A watan Disamba aka ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso cikin jerin hani gaba ɗaya, aka kuma taƙaita wa Najeriya da Benin wasu nau'o'in biza har da ta ɗalibai, daga ranar 1 ga watan Janairu na 2026. Duk mai tunanin Amurka sai ya fara bincikar matsayin ƙasarsa a wannan jeri kafin ya biya ko dala na cike takarda, domin takardar karɓa daga jami'a ba ita ce biza ba.

Ingila ta ɗauki matakin da ya fi taɓa magidanci. Daga watan Janairu na 2024, ɗalibin da ya je digiri na biyu na zaman aji ba shi da damar tafiya da matarsa da 'ya'yansa, sai mai karatun bincike ko wanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Kuɗin makaranta a manyan jami'o'in Landan ya haura fam 25,000 a shekara, kimanin sefa miliyan 19, jarin shago sukutum. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ɗanɗana wata masifar ta daban: dala ɗaya da ke kusan naira 460 a hukumance a watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wanda ya tara kuɗin karatunsa da naira sai ya wayi gari kashi biyu cikin uku sun narke, har a 2024 wata jami'a a arewacin Ingila ta kori wasu ɗaliban Najeriya saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Ita ma Kanada a farkon 2024 ta ninka kuɗin da ɗalibi zai nuna na zaman ƙasa, daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635.

Sababbin ƙofofi da tarkon shekaru

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yanzu idon jama'a ya koma Turkiyya da Sin da Rasha da Maroko, ƙasashen da ke ba da tallafin karatu ga 'yan Afirka, kuma dangantakarsu da magabatan Yamai ba ta yanke ba. Sai dai a nan ne babban ma'aikaci ke cin karo da abin da bai yi zato ba, wato ƙa'idar shekaru. Tallafin gwamnatin Turkiyya na digiri na biyu na waɗanda ba su kai shekara 30 ba ne, na digiri na uku kuma 35, sannan sai an shekara guda ana koyon Turkanci. Na gwamnatin Sin ya tsaya a shekara 35 ga digiri na biyu, 40 ga na uku. A Rasha ma, mafi yawan masu zuwa sai sun yi shekarar share fage ta koyon Rashanci. Karatun shekara biyu ya zama na uku ke nan, ga mutumin da ya bar mata da 'ya'ya biyar a gida.

Jamus ba ta cika duba shekarun haihuwa ba, shekarun takarda take dubawa. Shirin hukumar DAAD na ma'aikatan ƙasashe masu tasowa yana neman wanda ya yi aiki aƙalla shekara biyu, amma a bisa ƙa'ida kada digirinsa na ƙarshe ya wuce shekara shida da karɓa. Wanda ya gama Jami'ar Abdou Moumouni shekara goma sha biyar da suka wuce ya ga inda matsalar take. Wanda kuma zai biya da kansa, daga watan Satumba na 2024 an nemi ya ajiye yuro 11,904 a wani asusun banki na musamman, kimanin sefa miliyan 7 da dubu 800, kafin a ba shi biza.

Duk da haka akwai shirye-shiryen da tun asali don manyan ma'aikata aka yi su. Fitacce a ciki shi ne Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka kafa a 1983. Ba shi da iyakar shekaru. Abin da yake nema shi ne digirin farko, da aikin shekara biyu aƙalla, wanda suke lissafawa da sa'o'i 2,800, da zaɓen darussa uku a jami'o'in ƙasar, da alƙawarin komawa gida a zauna shekara biyu bayan an gama. Yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na ci da sha na shekara guda. Ana buɗe nema a watan Agusta, sakamako ba ya fitowa sai tsakiyar shekara mai zuwa. Masu nema dubbai ne, gurabe kaɗan ne, saboda haka kada wanda ya sayar da gonarsa don ya cike wannan takarda. Akwai kuma tallafin ƙungiyar Commonwealth, amma wannan na 'yan Najeriya da Gana da Kamaru ne da sauran ƙasashen ƙungiyar. Nijar ba ta ciki.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, waje ba daga Paris ya fara ba, daga Jibiya ya fara. A Yawunde akwai makarantar IRIC, wadda aka kafa a 1971 domin horar da jami'an diflomasiyya, ta kuma yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama. Da jarrabawar shiga ake samun gurbi, kuma tana da sashen da ya keɓanta da haɗewar ƙasashen yanki. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa tun 1989, ga shi kuma a birnin Akra ne sakatariyar yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka take. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai digiri na biyu na harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya wanda ma'aikata suka saba yi, tafiyar yini guda daga Maraɗi. Ga wanda aikinsa zai ƙare a kan iyakar Nijar da Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 1,500, shekara biyu a Zariya na koya masa Turancin Ingilishi, yana kuma haɗa shi da mutanen da gobe zai tarar a ɗaya gefen tebur. Muna ganin wannan riba ce da ba kowace makarantar Turai ke bayarwa ba.

Yadda ake haɗa takardu

Wanda ya yanke shawarar nema ya ba kansa shekara guda cur. Abu na farko shi ne takardun makinsa na kowace shekara a jami'a, ba kwalin digiri kaɗai ba. Samo su bayan shekara goma sha ba aikin mako ɗaya ba ne, kuma idan makarantar ta masu Ingilishi ce sai an kai su wajen mai fassarar da hukuma ta amince da shi. Waɗanda suka yi karatu a tsohon tsari, kafin a koma na shekara uku da biyu da uku, sai sun nemi takardar da ke bayyana matsayin digirinsu. Abu na biyu shi ne jarrabawar Ingilishi, IELTS ko TOEFL, wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki. Yin ta da wuri asara ne, yin ta a makare ma asara ne. Abu na uku shi ne wasiƙun shaida guda biyu ko uku. Malamin da ya koyar da mutum a da wataƙila ya yi ritaya ko ya manta da shi, don haka shugaban wurin aiki da ya ga ƙwazonsa da ido ya fi wani babban mutum da bai san shi ba.

Abu na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne wasiƙar da mai nema zai bayyana dalilinsa. A nan ne 'yan'uwanmu ke zubar da damarsu. Sai mutum ya cika shafi da maganar zaman lafiyar duniya da son taimaka wa Afirka, irin abin da ɗalibai dubu suka rubuta. Alhali abin da yake da shi, wanda yaro ɗan shekara 23 ba shi da shi, shi ne sanin iyaka da ƙafarsa. Ya san shinge nawa motar albasa ke tsayawa daga Galmi zuwa Kano. Ya san yadda faɗuwar naira ke juya akalar gero da man fetur cikin mako guda. Ya san abin da ya faru da farashin shinkafa da magani a watannin takunkumi. Ya san bambancin abin da yarjejeniya ta ce da abin da ake karɓa a bakin shinge. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan sani shi ne jarinsa, kuma malaman da ke tantance takardu a littafi kawai suka karanta shi. Ya rubuta matsala guda ɗaya da ya gani a bakin aiki, ya faɗi darasin da zai taimaka masa a kanta, ya faɗi inda zai koma ya yi aiki da shi.

Muna kuma jan kunnen masu biya a kan 'yan damfara. Tunda ƙofofi suka ƙuntata, masu cewa suna da hanya sun yawaita a WhatsApp da Facebook. Neman tallafin Chevening ko na Turkiyya kyauta ne, da hannun mutum yake cikewa. Babu wanda ke sayar da gurbi, babu wanda ke da tabbacin biza. Takardar banki ta jabu kuwa tana iya jawo wa mutum hani na shekaru. Kafin a biya wata makaranta mai zaman kanta, a tabbatar ana amincewa da digirinta a gida. Ƙasashe masu amfani da Faransanci suna da hukumar CAMES da ke Wagadugu domin wannan aiki, a Yamai kuma hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu.

Lissafin riba da asara

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya sai ya san inda zai sayar. To ina kasuwar wannan digiri? Gaskiya ita ce kwalin ba ya sa mutum ya zama jakada. Shiga ma'aikatar harkokin waje na da nata ƙa'idoji, kuma guraben kaɗan ne. Wata babbar kasuwa ma ta rufe: bayan ficewa daga CEDEAO, ma'aikata fiye da ɗari 'yan Nijar da Mali da Burkina Faso da ke aiki a hukumominta sun karɓi takardar ƙarewar aiki a 2025. Amma wasu wuraren na nan. Nijar na cikin UEMOA da ke amfani da kuɗin sefa. Hukumar kogin Kwara tana Yamai. Hukumar tafkin Cadi tana Njamena tun 1964. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, ita ma a Yamai take. Ƙawancen AES na gina nasa hukumomin, kuma tattaunawar da aka buɗe da CEDEAO a Bamako cikin watan Mayu na 2025 ta shafi zirga-zirgar mutane da kaya, wato ainihin abincinku. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na buƙatar wanda ya san dokar ciniki da asalin kaya da ƙa'idar wucewar kaya ta ƙasar wani, abin da ya fi komai muhimmanci ga ƙasar da ba ta da teku.

Saboda haka, kafin Alhaji ya ba da kuɗi, muna ba shi shawarar ya yi wa ƙanen nasa tambaya huɗu. Shin ma'aikatarka ta ba ka hutun karatu a rubuce, kujerarka na jiran ka? Wa zai ci da iyalinka har ka dawo, kuma nawa ne a wata? Kuɗin duka a hannu suke, ko ana sa ran kasuwa ta yi kyau? Me za ka iya yi bayan ka dawo wanda ba ka iyawa yanzu? Wanda ya kasa amsa ta huɗu bai shirya ba tukuna, ko da Harvard ce ta kira shi.

Mun san akwai masu cewa a wannan zamani na ƙwatar 'yancin kai, me ya kai mu tura manyanmu makarantun waɗanda muka kora? Suna cewa wanda ya sha ruwan Turai da tunanin Turai yake dawowa, in ma ya dawo. Maganar na da ƙamshin gaskiya, domin kowane gari ya san wanda ya tafi shekara ɗaya, yau shekara goma sai dai aike. Amma 'yanci ba ya rage buƙatar masana, ƙara ta yake yi. A da, abubuwa da yawa a Abuja ake shirya su a madadin ƙasashe 15. Yau Nijar ce da kanta za ta zauna da Benin a kan bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku, wanda ya jawo takaddama a 2024. Ita za ta zauna da kamfanonin Sin, da Togo a kan tashar Lome, da Najeriya a kan wuta da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Duk wanda za mu tarar a ɗaya gefen ya zo da lauyoyinsa. Kundin sabunta ƙasa na watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, abin alfahari ne gare mu, amma shi kansa kundin ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma da su ake rubuta yarjejeniya. Mutumin da muke buƙata shi ne wanda zai ji kukan dillali da Hausa a kasuwar Ƙonni da safe, ya zuba shi cikin sakin layi na yarjejeniya da yamma.

Kiranmu ga magabata shi ne su ware gurabe na musamman ga ma'aikatan da suka yi aiki a bakin iyaka, su nemi ƙasashen da ke ba mu tallafi su sassauta ƙa'idar shekaru ga irin waɗannan mutane, su kuma ɗaure kowa da alƙawarin dawowa a rubuce. Wanda ya dawo kuma a ajiye shi inda iliminsa zai yi aiki, kada a jefa shi wani ofishi yana ƙirgar takardu. Jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su ma lokaci ya yi da za su ƙarfafa darussan yamma da na ƙarshen mako a fannin cinikin ƙasa da ƙasa, domin ba kowa ne zai iya barin gida ba.

Ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu motocin dakon kaya da majalisar 'yan kasuwa kuwa, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da kuka yi asara a mako guda na rufe iyaka ya isa ya ɗauki nauyin mutum biyu ko uku a Yawunde ko Zariya. Ku zaɓi naku, masu gaskiya da sanin hanya, ku biya musu, ku rubuta sharaɗin su dawo su yi wa ƙungiya aiki na wasu shekaru. Ranar da za a sake zama a kan iyakar Gaya ko harajin shigo da kaya, a samu wanda zai shiga ɗakin da takardunku a hannunsa, ya san doka, ya kuma san kuɗin dakon buhun wake daga Magarya zuwa Kano.